Sunan Da Alhaji Bai Taɓa Kira Ba

Shafi na 19

Daga Adamu Mai Gyaran Agogo, Matankari

Masu bibiya, na ga ƙorafinku. Ba lalaci ba ne, akuyar maƙwabta ce ta tauna mini wayar caji. Ga shi nan, ku yi haƙuri.

*

Ƙarar ta fara ne bayan an watse daga sallar isha, lokacin da masu tsiren bakin kwalta suke hura wuta.

Ba kukan mujiya ba ne. Ba kuma na mage ba. Kamar dai mutum ya gyara murya zai yi magana, sai ya ce, "Zu..." ya tsaya. Can kuma sai wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda aka kama yana kallon kansa a madubi.

Ummuhani ce ta fara ji, domin ɗakinta bango ɗaya ne da ɗakin gwajin marigayi Alhaji Abdussalamu. Ta ajiye ƙwaryar nonon da take wankewa, ta taka turmi, ta leƙo ta kan katanga.

"Hajiya Safiya! Hajiya! Kuna ji, ko ni ɗai anka yi wa?"

Hajiya Safiya, matar marigayi, tana zaune a tabarma, carbi ya tsaya mata a hannu. Ta ji. Tun tana amarya take jin wannan gyaran murya kafin a ce mata ta kawo ruwa.

"Zu..."

"La'ilaha illallahu," in ji Ummuhani. "Doguwa ce. Wallahi doguwa ce ta ari muryatai."

Zubaida ta fito daga ɗaki tana ɗaura kallabi. Ita ce ɗiyar farin marigayi, kwananta kaɗan da dawowa daga Yamai inda take aikin gyaran na'urori.

"Ba doguwa ba ce, Inna Ummu. Batiri ne."

"Batiri ka dariya?"

"Da rana na hau rufi na wanke panon hasken rana na Baba. Kashin tattabaru ya rufe shi duk. Wuta nike nema in caza waya, ashe wayar panon ɗakinai ta shiga."

Ta nufi madafa, ta dawo da taɓarya.

Hajiya ta miƙe. "Ke! Babanki Sadiƙu ya ce kada wanda ya taɓa wannan kwaɗo."

"Na ji shi."

Bugu na farko kwaɗon ya lanƙwashe. Na biyu ya faɗi cikin ƙasa.

Ɗakin yana nan yadda aka fitar da mai shi. Takalminsa ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Kofin shayi ya bushe, gizo-gizo ya yi masa marfi. A kan tebur akwai akwatin ƙarfe wanda bai fi kwanon awo girma ba, da wani ɗan koren ido yana kiftawa kamar na ƙadangare mai jin barci.

Zubaida ta shiga ta ja ƙofa.

Su Hajiya suka ji muryar ta sake tashi a ciki, ta yi tsawo. Daga baya suka ji ta Zubaida, tana amsawa kamar mai amsa tambayar malami. Ba ta fito ba sai da ladan ya yi kiran asuba.

*

Duk wanda ya taɓa shan ruwa tsakanin Matankari da Tibiri ya san muryar Alhaji Abdussalamu. Shi ya kafa kamfanin Ruwan Rana. Ya ɗora wa rijiyoyin ƙauyuka famfo mai aiki da hasken rana, kowace rijiya da ɗan akwatinta mai magana da muryarsa. Idan rana ta ɗaga, sai a ji akwatin ya ce, "Salamu alaikum, ruwa ya zo. A fara ba dabbobi." Yakan ce na'urar da sai ka iya karatu za ta yi maka aiki, ba ta mutanen Arewa ba ce. Don haka komai nasa da baki ake yi. Kai ka faɗa, ita ta ji.

Dukan rijiyoyin nan kuwa suna da uwa ɗaya, akwatin da ke ɗakin gwaji. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa. Kuma ba ya jin maganar kowa sai ta mai shi, ko ta magajin da mai shi ya kira sunansa da bakinsa.

Abin da ya hana Sadiƙu barci ke nan tun daminar bara da aka rufe wansa. Buro, wato ofishin kamfanin, ya koma hannunsa, motoci sun koma hannunsa, har wasu mutanen Yamai sun yarda za su sayi kamfanin su mayar da ruwan na sayarwa. Amma uwar akwati ta ƙi shi. Ya kawo Hamza, ɗan marigayi namiji, ta ƙi. Ya kawo Hajiya Safiya, ta ƙi. Har direba ya gwada. Da ya gaji sai ya zare mata wuta, ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya manta cewa wansa ba ya yarda da wayar wuta ɗaya.

Kafin hantsi labarin muryar ya kai kasuwar Dogon Dutsi. Ummuhani ba ta faɗa wa kowa ba, sai mutum ɗaya mai sayen nono.

Motar Sadiƙu ta tsaya a ƙofar gida, ya shigo da sallama a taƙaice, gefen rigarsa na sharar ƙasa.

Ya tarar da Zubaida a kan kujerar ubanta, a bakin ɗakin gwaji. Ta fito da akwatin ta ajiye a kan ƙaramin tebur, da doguwar waya tana binsa daga ciki. Hajiya tana gefe a tabarma. Ummuhani kuwa tuni tana kan turminta, haɓa a kan katanga.

"Ina kwana, Baba," in ji Zubaida. "An tashi lahiya? Ya gajiya? Ya mutanen gida? Ya albasa?"

"Tashi daga kujerar nan."

"Albasar ta fara kai, an ce mini. Barka."

"Wa ya hwasa kwaɗo?"

"Ni."

"Da izinin wa?"

"Mai ɗakin ne yay yi kira, Baba. Ba a barin babba yana kira."

Sadiƙu ya juya wajen Hajiya. "Kin ji ko? Na ce miki abin nan bin jini yake. Yadda ya fara da ubanta ke nan." Ya miƙa hannu. "Ba ni akwatin. Yau zan kai shi Yamai a cire abin da ke ciki."

Zubaida ta ɗora tafinta a kan akwatin.

"Za ka ɗauka. Amma ka tuna mini abu guda. Ran da ka tara dattijai a zauren nan ka ce Baba ya taɓu, mi kac ce ka ji?"

"Ba ke zan yi wa bayani ba."

"Ni ban nan, Baba. Ina Yamai. Ka taimaka mini."

"Kowa ya sani. Mutum shi kulle kainai cikin ɗaki, ba ci ba sha, yana kiran wani abu yana dariya shi kaɗai. Da kunnena na ji, ba sau ɗaya ba. Iska ce yake kira."

"Yaya sunan iskar?"

"Ke, ni sa'anki ne?"

"Inna Ummu na nan ranar. Inna Ummu, yaya yac ce?"

Ummuhani ta gyara tsayuwa a kan turmi. "Ni dai ina jin shi daga nan. Cewa yay yi Alhaji na ta faɗin Zu, Zu, kamar mai korar kaji. Har ya gwada musu. Dattijai sunka ce lalle wagga ba magana ba ce ta mutane."

"Ke kuma wa ya sa bakinki?" in ji Sadiƙu.

"Katangata ce, Alhaji."

Zubaida ta sunkuya kusa da akwatin.

"Maimaita na jiya."

Koren idon ya kifta. Aka gyara murya.

"Zu..."

Sadiƙu ya ja da baya har ya taka butar Hajiya.

"Ga ta nan! Ita ce! Ashe cikin akwatin ta shige!"

"Saurara, Baba. Kai a bakin ƙofa ka tsaya. Ba ka taɓa jira ka ji ƙarshe ba."

Dariyar nan ta ƙasa-ƙasa ta biyo. Sai muryar marigayi ta ci gaba, a sake, kamar yana zaune tare da su yana jiran shayi.

"Haba Abdussalamu. Mutum ya huda ƙasa tun daga Matankari har Tibiri, ya kasa huda bakinai. To, sake. Magajin Ruwan Rana, bayan raina, ita ce Zu..."

Shiru.

"Kai, a'a. Da tsohuwa na da rai ta ji ni, cewa za ta yi ɗanta ya lalace. Mu bari sai gobe."

Akwatin ya yi ɗan ƙara, wata rana ta shigo. Muryar ta ɗan dushe, kamar yana mura.

"Yau dai sai na hwaɗa. Ba kowa. Safiya ta tahi biki. Magajin Ruwan Rana ita ce Zubai... Astagfirullahi. Ni na ƙera abin nan, ni nac ce sai da baki, ga shi ya kama ni. Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya."

Hajiya Safiya ta ja mayafi ta rufe baki.

Ku da kuke karatu a birane, kada ku yi mamaki. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, uwa ma haka. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Tun da aka raɗa wa Zubaida suna ba ta taɓa jin sa a bakin ubanta ba. "Ke" yake ce mata. Idan zai yi zancenta da wani sai ya ce "waccan ta Safiya". Ta san al'ada ce. Amma sanin abu bai hana shi ciwo ba, balle ga yarinyar da take jin yana kiran Hamza tun daga bakin zaure.

Akwatin ya sake ƙara.

Wannan karon ba a gyara murya ba. Numfashi kawai aka ja, mai tsawo, kamar na wanda zai nutsa a tabki.

"Magajin Ruwan Rana, bayan raina, ita ce Zubaida."

Sai ya yi dariya sosai, har da tafi.

"Na hwaɗa! Rufin bai faɗo ba! Zubaida. Zubaida. Ashe sunan da daɗi. Allah shi sa kada Safiya ta ji."

"Kai, Alhaji," in ji Hajiya daga cikin mayafi. "Ba kunya. Ba kunya ko kaɗan." Kafaɗunta suna girgiza, ba a san ko dariya ce ko kuka ba.

Ummuhani ta share ido da gefen zane. "Ashe doguwar tamu ke nan."

Sadiƙu ya zuba wa akwatin ido. Shi da ya girma ɗaki ɗaya da marigayi, ya fi kowa sanin kunyarsa. Shi ya sa da yake jera masu gwada akwatin, ko a mafarki bai sa Zubaida a layi ba. Mutumin da ba zai iya kiran sunan ba, ta yaya zai ba na'urar?

Sai ya yi wuf ya durƙusa gaban teburin, ya kai baki kusa da akwatin.

"Zubaida! Ni ne Zubaida! Buɗe!"

Koren idon ya kifta.

"Sannu da zuwa," in ji muryar marigayi cikin ladabi. "Amma ba kai nike jira ba."

Ummuhani ta fashe da dariya har turmin ya yi gefe.

"Ba suna kaɗai ba ne, Baba," in ji Zubaida. "Da murya. Ka san inda ya samu muryata? Duk Juma'a nikan aiko mai da saƙon murya daga Yamai. Baba ina wuni, Baba na ci jarrabawa, Baba na samu aiki. Bai taɓa amsa ko ɗaya ba. Har na daina. Jiya na same su duka a ciki, ko tarin da na yi bai goge ba. Da su ya koya wa akwatin ni."

Sadiƙu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Fuskarsa ta sake, murya ta yi laushi.

"To, alhamdulillahi. Ai abin murna ne, ɗiyata. Abu ya tsaya cikin gida. Sai mu zamna ni da ke mu..."

"Ran da na kira ka, mi kac ce mini?"

"Wace rana?"

"Ran da anka ɗauke shi. Na ce zan shigo motar dare. Kac ce in zamna, ganina zai ƙara tada mai hankali. Nac ce ya tambaye ni? Mi kac ce?"

"An daɗe."

"Kac ce ko sunana bai ambata ba."

Wata tattabara ta sauka a kan pano, ta yi tafiya biyu ta tsaya.

"Da sunana ka ɗaure shi, Baba. Sunana yake koyo, ka kwashe shi ka kai wa dattijai ka ce iska ce. Ka kai shi daji gidan mai magani, anka sa mai marin ƙarhe a ƙahwa kamar ɓarawon jaki. Mutumin da ko kiyashi ya gani a kwamin shan ruwan dabbobi sai ya tsamo shi. A can yam mutu, ƙahwa a kumbure. Inna ta ga sawun ƙarfen da anka yi mai wanka. Ko ba ki gani ba, Inna?"

Hajiya ba ta ɗaga kai ba.

Sadiƙu ya cire hula, ya sake mayarwa.

"Ke kin san mi? Kina can kina shan iskar Yamai. Wa ya ɗauki bututu a ka daga bakin kwalta har Geceme? Wa ya kwana a ramin rijiya? Shi yana mafarki, ni ina dako. Kullum sabon abu: yau akwati mai magana, gobe zai sa rijiya ta hango hadari. In na ce mu ci moriyar guminmu sai shi ce ruwa ba a saida shi. Ya ba baƙo, ya ba mai wucewa, ya ba shanun da ba su san sunanai ba. Ni ɗan'uwanai, da na ce in ja bututu zuwa lambuna, cewa yay yi in bi layi. In bi layi bayan shanu!"

"Sai ka ɗaure shi."

"Na ji abin da na ji!"

"Ka ji. Amma ka taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ka ce, Yaya, wa kake kira?"

Sadiƙu ya kau da kai gefe.

"Ba ka tambaya ba," in ji Zubaida, "don kar a ba ka amsa."

Ta juya akwatin ya fuskance ta.

"Albasarka ta Geceme, an ce tun daga hanya ba a ganin ƙarshenta. An ce shagonka ka saida, da garken da kaka ta bar maka, duk ka zuba a ciki. An ce saura kaɗan a cire."

"Mi kike nufi?"

"Zafin bana ya zo da wuri. Albasa mai kai in ta rasa ruwa, kwana nawa take yi? Kai ne manomi."

"Ke yarinya."

"Shi ya yi wata da watanni a mari. Ni ba zan taɓa ka ba, Baba. Ba zan kai ka ga zandarma su kulle ka ba, ba zan tara dattijai ba. Mota za ka shiga ka tahi lambunka ka zamna, ka kalle ta tana kwantawa kunya bayan kunya. In ka fara magana kai kaɗai, zan aiko a ji mi kake hwaɗi."

Sai Sadiƙu ya yi murmushi. Murmushin bai yi kyau ba.

"To rufe mana."

Zubaida ta dube shi.

"Rufe. Kina zaton ni yaro ne? Da na ja bututun, ba rijiya dabam na haƙa ba. Jikin na kwamin shanu na haɗa shi. Shaton tara ruwa ɗaya, famfo ɗaya. Kin rufe mini, kin rufe musu. Ga uwarsu nan kan katanga, tambaye ta."

Dariya ta gushe daga fuskar Ummuhani.

"Gaskiya ne, ɗiyata," ta ce a hankali. "Su ɗana Ɗantani can suke da shanu tun da kaka ta wuce. Da can kullum suke sha. Tun da Alhaji ƙarami ya ja bututunai, sai rana bisa rana. Jiya ba su sha ba. Yau ne nasu."

"Kin ji," in ji Sadiƙu. "Duk tabkunan yankin sun ƙafe. Tsohuwar rijiyar guga kuwa ubanki ya sa anka rufe bakinta da siminti, don kar yara su faɗa. Rufe, magajiya. Mu ga ɗiyar wa ce ke."

Hannun Zubaida yana kan akwatin. Ƙarfen ya ɗauki zafin rana, amma ba ta ɗauke ba. Idonta ya sauka kan takalmin nan ƙafa ɗaya da ke bakin ƙofa. Ɗayan can aka bar shi, a dajin.

"Ke," in ji Hajiya. "Bari. Allah na nan."

"Allah na nan lokacin ma, Inna."

"Ke, ina magana."

"Da anka fitar da shi ta zauren nan kin yi magana?"

Hajiya ta yunƙura ta miƙe. Mayafin ya zame mata. Ta miƙa hannu wajen ɗiyarta, ga alama wani abu take son ɗagawa wanda ya fi ƙarfinta.

"Zu..."

Zubaida ta ɗago da sauri.

Uwa da ɗiya suka kalli juna. Hajiya ta sake buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ta koma ta zauna, ta ja mayafin ta rufe fuska.

Zubaida ta jira. Da ta ga ba sauran, sai ta sunkuya.

"Ni ce Zubaida."

"Na'am, Zubaida," in ji akwatin, da sauri, kamar dama yana bakin ƙofa. "Ina jin ki."

"Rufe rijiyar Geceme."

Koren idon ya tsaya cak, bai kifta ba. Kowa ya zaci shi ke nan. Ashe marigayi ya bar wani abu a nan ma, abin da ko Sadiƙu bai sani ba, domin ba a taɓa rufe rijiya ba tun da aka kafa kamfanin.

"To," in ji muryar. "An shayar da dabbobi?"

Gumi ya gangaro wa Zubaida daga ƙarƙashin kallabi.

Akwatin ya jira. Ba ya gajiya da jira, haka mai shi ya yi shi.

"Zubaida? An shayar da dabbobi?"

Sadiƙu ya harɗe hannuwa. Ummuhani ta kama katanga da hannu biyu, har ƙasa tana zubowa.

"An shayar, Baba."

"Madalla. Allah shi yi miki albarka."

Idon ya koma ja.

Ba a ji komai ba. Geceme da nisa, ba a jin tsayawar famfo daga Dogon Dutsi. Tattabarar nan ma ba ta tashi ba.

Sai wayar Sadiƙu ta ɗauki kuka a aljihu. Ya ciro, ya duba. Mai gadin lambu ne. Ya ɗaga, muryar tana fitowa har kowa na ji.

"Alhaji! Alhaji, ruwa ya ɗauke! Muna cikin ban ruwa, bututu ya yi tari ya tsaya! Ga Fulani sun cika bakin kwami, sun ce mu ne munka..."

Ya kashe.

Ya dubi Zubaida. Murmushin ya tafi, ya bar fuskar tsoho.

"Ashe za ki iya."

"A gidanku na koya."

Ya juya ya nufi zaure. A bakin ƙofa ya yi tuntuɓe da kwaɗon da ke yashe a ƙasa, bai tsaya ba. Suka ji motar ta tashi da ƙarfi, ta nufi hanyar kudu.

Zubaida ta jingina da kujerar ubanta. Tun daminar bara take jiran wannan zama. Ta ja numfashi don ta ji daɗinsa, sai ta ji bakinta ya bushe. Randa tana nan kusa, da moɗa a kai. Ta dube ta, ba ta tashi ba.

Ummuhani ba ta sauka daga turmin ba. Ba ta ɗaga murya ba kuma, kamar mai gudun kada akwatin ya ji.

"Zubaida, ɗiyata. Ni ban yi karatun lakwal ba, ban san yadda abin nan naku yake ba. Na ji kin ce ma Alhaji an shayar."

Hajiya ta ƙara jan mayafi.

"Wa ya shayar da su?"